Tambaya da Amsa: In sayar da tirelata kafin jirgin ƙasa ya iso Daura, ko in ƙara mata lodi?

Tambaya

Assalamu alaikum Injiniya. Ni mutumin Daura ne, kuma sana'ar mota gadonta na yi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, da bodin katako guda ɗaya ya rene mu, ni kuma yau Allah ya hore mini tirela biyu. Muna ɗaukar hatsi da dabbobi daga Mai'aduwa da kasuwannin kewaye zuwa Kudu, mu dawo da siminti ko taki ko duk abin da 'yan kamasho suka samo mana. Ta biyun ban gama biyan kuɗinta ba. Tun da aka fara aikin layin dogo ta yankinmu hankalina bai kwanta ba. Wani dillali ya zo mini har gida sau uku, yana cewa in sayar tun da sauran daraja, don ranar da jirgi ya fara aiki tirela sai dai a kai wa 'yan gwangwan. Direbana kuma ya ce kada in sayar, a kai ta wajen mai walda a ƙara mata sifirin a ɗaga bodi, mu riƙa ɗora buhu 450 maimakon 300, mu kwashi abin da za mu kwasa kafin jirgin ya iso, ai kowa haka yake yi. Mutum goma sha ɗaya ke cin abinci daga motocin nan, ban da iyalina. Don Allah ina mafita?

Amsa

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bari. Na karanta saƙonka sau biyu, na kuma gane abin da ke hana ka barci: ga bashi a wuya, ga jama'a a bayanka, ga mutum biyu kowa na jan ka ta nasa ɓangaren. Kada ka sayar da mota saboda maganar dillali, kuma don girman Allah kada ka kai ta wajen mai walda. A cikin shawarwarin nan biyu, ta direbanka ta fi tayar mini da hankali nesa ba kusa ba, kuma zan daɗe a kanta. Amma bari mu fara sallamar dillali.

In ya sake dawowa ka yi masa tambaya ɗaya: shi wanda zai sayi motar bai ji labarin jirgin ba ne? Mutumin da ya yi sawu uku zuwa gidanka yana neman abin da ya ce ya kusa zama gwangwan, la'adarsa yake hange. Tun watan Fabrairun 2021 da aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi nake jin irin waɗannan maganganu a tasha da majalisa. Wani ya ce a sayar da mota, wani ya ce a sayi fili “dab da inda za a yi tasha”, kuma in ka bincika babu ɗayansu da ya taɓa ɗora ido a kan taswirar aikin.

Ƙasar nan tamu ta sha ganin sauyin hanyar dakon kaya, kuma yana da kyau ka san yadda abin yake tafiya in ya zo. Katsina kanta ayarin raƙuma ne ya mai da ita birnin kasuwanci: kaya daga Tarabulus ta Gadamus da Agadas, gishiri daga Bilma, fatake da jakunansu zuwa Gwanja su ɗauko goro. Raƙumi a doguwar tafiya bai wuce ya ɗauki nauyin buhun masara biyu ba. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka haɗe shi da Legas a 1912, cinikin hamada ya durƙushe, domin yadin da kan yi wata da watanni a bayan raƙumi ya koma shigowa ta teku ya hau tarago. Wannan gefen labarin ne dillalinka zai so ya ji. Ɗaya gefen kuwa, raƙuman da jakunan ba su zauna ba. Kasuwar gyaɗa ta buɗe, jirgi kuwa ba ya shiga gona. Duk gyaɗar da aka yi dala da ita a Kano, da audugar da aka riƙa tarawa a Funtuwa bayan layin Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta, wanda aka kammala a 1929, a bayan jaki da raƙumi ta fara tafiya, daga baya ta koma bodin katako irin ta mahaifinka. Birnin Katsina da Daura ba su samu layin dogo a wancan zamani ba, saboda haka masu motocin farko na yankinmu sun ci abinci ne da kai wa jirgi kaya Kano da Funtuwa. Sana'ar da ka gada a gindin jirgi ta girma.

Daga baya ne abin ya juya. A 1964 reluwe ta ɗauki kaya kusan tan miliyan 3. Shekara goma bayan nan aka sauko kusan tan miliyan 1, a farkon shekarun 2000 kuwa abin da take ɗauka a shekara bai kai tan dubu 100 ba, wato abin da tirela dubu uku da 'yan kai za su kwashe a sawu ɗaya. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 sun tafi da babban kayan da jirgi ke sauka da shi Kudu. Kuɗin fetur ya shigo aka zuba shi a kwalta, mai yana arha, aka bar layin da Turawa suka shimfiɗa ba gyara. Ɗan kasuwa ya ga taragonsa na kwana makonni a hanya, kaya su iso da giɓi, alhali mota za ta ɗauka daga ƙofar shago ta sauke a ƙofar shago, sai ya juya wa tasha baya. Yau fiye da kashi 90 cikin 100 na kayan da ke yawo a cikin Nijeriya a kan titi suke.

Ba kayan jirgi kaɗai suka dawo kan titi ba. Fetur an yi masa bututu, matatar Kaduna ta fara aiki a 1980, an ja layi zuwa defo a Kano da Gusau don tanka ta yi gajeriyar tafiya kawai. Da fasa bututu ya yi yawa, matatar ta tsaya, sai tankoki suka koma ɗauko mai tun daga bakin teku, kuma fashewar tankar mai da ta faru a Majiya ta Jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu, yana cikin kuɗin da muke biya a kan haka. Hanyar ruwa ma haka. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin Kwara a 2009 daga Warri zuwa Baro, an buɗe tashar Baro a 2019, amma simintin da kake ɗaukowa har yau ba ta can yake biyowa ba. Jirgin sama kuwa kada ka sa shi a lissafinka, don a duniya baki ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin kayan ciniki ba, nasa magani ne da waya da abin da ke da tsada ba nauyi.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Turai, inda layin dogo ya ratsa ko'ina, kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da ake dako ta tudu a mota suke tafiya, rabon jirgin ƙasa bai kai kashi 20 ba. A Indiya jirgi ya riƙe fiye da kashi 80 a farkon shekarun 1950, yau bai kai 30 ba, har sai da suka koma shimfiɗa layuka na kaya zalla don su dawo da wani abu. Inda jirgi ya riƙe kasuwarsa, kamar Amurka da Rasha, za ka tarar kaya ne masu nauyi, iri ɗaya, masu tafiyar dubban kilomita daga tasha zuwa tasha: kwal, hatsi, ƙarfe, kwantena. A nan babu motar da za ta ja da shi, don da man da tirela ke jan tan ɗaya jirgi zai ja uku ko huɗu. Da zarar tafiya ta gajarce ko kaya sun rarrabu, mota ce sarki.

To mu auna layinmu da wannan ma'auni. Tsawonsa kusan kilomita 284 ne, daga Kano ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya zuwa Maraɗi, kamfanin Mota-Engil ke aikin. Faɗinsa milimita 1,435, tsohon layin Legas zuwa Kano kuwa 1,067, don haka taragon wannan ba ya hawa wancan. Sabon layi mai faɗi ya tashi daga Legas ya tsaya Ibadan a 2021, na Abuja zuwa Kaduna yana aiki tun 2016, na Kaduna zuwa Kano an fara shi a 2021, tsakanin Ibadan da Abuja kuwa akwai giɓi babba. Muddin giɓin nan na nan, buhun da aka ɗora a Daura ba zai isa Legas ba sai an sauke shi an sake lodi a hanya, kuma ka fi ni sanin abin da sauke-ɗora ke ci: kuɗin 'yan dako, kwanaki, buhu ya fashe, wani ya yi ƙafa.

Ba zan ɓoye maka inda zai taɓa ka ba. Ranar da aka haɗe layin har teku, kayan da za su fara komawa tarago su ne kwantena, siminti, taki, mai, da kayan Nijar masu wucewa. Siminti da taki kuwa su ne lodinka na dawowa, don haka a nan za ka fara jin canji. Dabbobi da kayan gwari za su daɗe a mota, don ba sa jiran jadawali. An gwada kai shanu kusan 500 a jirgi daga Gusau zuwa Legas a 2016, abin bai ɗore ba. Sannan duk kwantenar da ta sauka a tashar tsandauri (wato tashar sauke kwantena a tudu) ta Dala da aka buɗe a 2023, ko ta Funtuwa da aka buɗe a 2024, ko a tashar jirgi ta Katsina ko Daura nan gaba, mota ce za ta kai ta Mai'aduwa da Zango da Baure da Kwangwalam. Doguwar tafiya za ta ragu sannu a hankali, gajeriya ta ƙaru, kuma maganar shekaru ake yi. Motar da kake biyan bashinta za ta ci lokacinta kafin nan, in an bar ta ta yi tsawon rai. Mota ta gaba da za ka saya ita ce wadda za ka yi wa dogon tunani, ko mai shimfiɗaɗɗen baya ta ɗaukar kwantena, ko ƙarama mai taya goma da za ta yi sawu biyu a yini. Ka tuna kuma abubuwan da suka girgiza sana'arku a 'yan shekarun nan: rufe iyaka a Agustan 2019, sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris 2024, tashin kuɗin gas tun 2022, da rashin tsaro a hanya. Jirgi ba ya cikinsu.

Yanzu maganar direbanka. “Ai kowa haka yake yi.” Wallahi babu ranar da zan shiga tasha ko gareji ban ji wannan kalma ko 'yan'uwanta ba. Wani ya ce mota ƙarfe ce, ba ta gajiya. Wani ya ce Bature ya bar rara, in ya rubuta talatin to hamsin yake nufi. Na gaji da jin ta, domin na ga abin da take haifarwa, kuma masu faɗinta galibi ba su ne ke biyan kuɗin gyara ba, ba su ne ke zuwa gaisuwar mutuwa ba.

Na taɓa tsayawa a wani gareji ina kallon yadda ake wannan aikin. An ɗaga bayan tirela a kan jak, an kwance ɗaurin sifirin, mai walda ya ɗauko ganyen sifirin uku daga tarin ƙarafan wata mota da ba ma irinta ba ce, ya gasa su da wuta ya lanƙwasa da guduma har suka yi kama da na asali, ya cusa, ya ɗaure da dogon kusa. Da ya gama ya buga ƙarfen da guduma ya ce wa mai motar, “Alhaji, yanzu ko dutse ka ɗora mata.” Na ce masa, “Malam, birkin fa, ka ƙara masa wani abu?” Ya dube ni ya ce birki ai na direba ne. Mutumin nan ba mugu ba ne, abin da aka biya shi ya yi. Amma bai taɓa aksil, wato ƙarfen da tayoyi ke maƙale a jikinsa, ba, bai taɓa boris ba, bai taɓa birki ko taya ko ƙashin bayan motar ba. Abu guda ya canza: a da in kaya sun yi yawa sifirin yakan kwanta, kowa ya gani da idonsa cewa motar ta ƙoshi. Yanzu an ɗaure bakin jaki don kada ya yi kuka, kayan kuwa suna nan a bayansa.

Mu yi lissafi da motarka. Mu ƙaddara mai aksil biyar ce, taya 18, nauyinta ba kaya kusan tan 16. Buhu 300 mai kilo 100 tan 30 ne, jimla 46. Aksil na gaba yana ɗaukar kusan tan 7, sauran huɗun su raba 39, kowanne bai kai tan 10 ba. Buhu 450 tan 45 ne, jimla 61, kuma kusan duk ƙarin a baya yake sauka, kowane aksil ya koma ɗaukar tan 13 da rabi. Wannan ma in buhun kilo 100 ne da gaske, alhali kai da ni mun san yadda ake danna masara a kasuwa a ɗinke baki da ƙyar.

Je ka duba gefen tayarka. In irin 315/80 ce za ka ga an rubuta 156/150. Lambar farko tana nufin kilo 4,000 in tayar ita kaɗai ce, ta biyu kilo 3,350 in biyu ne a jere. Taya huɗu a aksil ɗaya iyakarsu ke nan tan 13 da kilo 400, in sababbi ne, in iskarsu ta cika daidai. Lodin direbanka ya riga ya wuce wannan iyaka tun motar ba ta bar Mai'aduwa ba, kuma tayoyin da yawancinmu ke sawa na hannu ne, wasu an sake yanka musu zane, a kan kwaltar watan Afrilu da ko takalmi ba ya jure mata. Taya ba ta fashewa a tasha. Tana jira sai mota ta ɗauki gudu, ta yi zafi, sannan ta tashi.

Birki kuwa aikinsa mai da gudu zafi. Tan 61 na nufin ƙarin zafi kusan kashi ɗaya cikin uku a kan ƙarfen da aka ƙera don ƙasa da haka. A shimfiɗaɗɗiyar hanya irin ta Daura zuwa Kazaure direba ba zai ji komai ba, shi ya sa yake rantsuwa cewa mota lafiya lau. Sai an shiga gangara mai tsawo, ya taka ya sake taka, gangar birki ta yi ja, wari ya tashi, ya taka na ƙarshe ƙafa ta tafi ba abin da ya kama. A hawa kuma na sha ganin yaron mota, yaro ɗan shekara sha biyar ko sha shida, yana gudu a gefen tirela da guntun katako a hannu, yana jiran ta tsaya ya jefa a bayan taya kafin ta komo da baya. Ran yaron nan da ran duk wanda ke cikin ƙaramar motar da ke biye da su a kan wannan guntun katakon yake. Ɗaga bodi kuma nauyi yake kai wa sama, motar da a da za ta sha kwana ta miƙe sai ta kwanta. Wani abin da ya fi ci mini rai, a saman irin wannan lodin ake jera mutane, 'yan ci-rani da masu rakiyar shanu, ashirin, talatin, don direba ya samu na kashewa. In ta kwanta su ne a ƙasa, buhu a kansu. Duk wanda ya taɓa zuwa wajen da aka jera gawarwaki a gefen titi an rufe su da ganye ba zai sake cewa kowa haka yake yi ba.

Sai titin kansa. Mutane na ɗauka ɓarnar da mota ke yi wa kwalta daidai take da nauyinta, in ka ƙara rabi ɓarna ta ƙaru da rabi. Ba haka ba ne ko kusa. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka, aka yi ta zagaya da motoci masu nauyi daban-daban a kan tituna har suka lalace, kuma abin da aka gano shi injiniyoyin hanya ke aiki da shi har yau: in ka ninka nauyin aksil sau biyu, ɓarnarsa tana ninkuwa kusan sau 16. Daga tan 10 ba kaɗan zuwa 13 da rabi, kamar yadda muka lissafa, ɓarnar kowane aksil ta haura ninki uku da rabi. Sawu ɗaya na direbanka ya ci titi kamar sawu uku da ɗoriya. Shi ya sa za ka ga sabon titi bai shekara uku ba ya yi kunya-kunya kamar gonar dawa, musamman wajen shinge da tudun rage gudu inda manyan motoci ke rarrafe cikin zafin rana. Na yarda akwai 'yan kwangilar da ke cin amana, amma ko mai tsoron Allah ne ya yi titin, ba zai jure wa abin da ba a ƙera shi dominsa ba. Ramin da aka haƙa da lodin yau kuma shi zai karya maka sifirin a sawu na gaba.

To ribar fa, wadda saboda ita ake duk wannan? A nan ne nake so ka natsu, don har masu mota da suka shekara talatin a sana'a suna ruɗuwa. Ranar da mutum ɗaya ya fara ɗora 450 ya ci riba. Da kowa ya bi, sai kuɗin dakon buhu ya sauko ya daidaita da 450, domin mai kaya a kan buhu yake ciniki, kuma ya san akwai wanda zai ɗauka a hakan. Kayan da mota uku za su raba, biyu sun kwashe, ta ukun na tasha tana jiran layi, wata rana taka ce. Rangwamen ya tafi aljihun mai kaya, ɗan kamasho ya karɓi nasa nan take, direba ya samu ɗan ƙari a hannu. Kai kuma naka yana zuwa bayan wata shida: taya, kulochi, giya, boris, gas da ya ƙaru, ƙashin baya da ya tsage aka yi masa faci. In aka yi hatsari kuma aka tabbatar lodi ya wuce ƙa'ida, kamfanin inshora ya samu ƙofar zillewa, mai kaya ya riƙe ka, mai bashi ya riƙe ka. Garin neman ƙiba a samo rama ke nan. Kai da kake tsoron jirgi ya kashe maka mota nan da wasu shekaru, shawarar direbanka za ta iya kashe ta kafin damina biyu.

Ban ce direbanka maƙiyinka ba ne. Akwai abin da ke tura shi, kuma a nan haushina ya fi yawa. Daga nan zuwa Legas shinge nawa zai wuce? Wannan da rasit, wancan da sanda mai ƙusa, wani ba ka ma san wa ya aiko shi ba, kuma duk a kan mota suke karɓa, ba a kan tan ba. Mai buhu 300 da mai 450 kuɗi ɗaya za su biya, to me zai hana direba ya ce a ƙara? Doka kuwa tana nan a takarda. Ƙa'idar da ƙasashen Afirka ta Yamma suka amince da ita ta sa iyakar aksil guda a tan 11 da rabi, kuma ko mota mai aksil shida ba ta wuce tan 51 gaba ɗaya. Taka mai biyar za ta tashi da 61. Na taɓa zuwa wani wurin awon manyan motoci da aka kashe kuɗi aka gina, na tarar ciyawa ta rufe sikelin, awaki na kwance a inuwar ofishin, tireloli na wucewa ta gabansa a tangaɗe. An yi taro, an kafa kwamiti, an buga takarda, an koma gida. Mutum goma za su tsayar da mota su nemi takardar da ba ta hana kowa mutuwa, babu ɗaya da zai tambayi nauyinta. In ka tsallaka Nijar kuwa akwai wuraren awo, kuma direbobinmu da kansu sukan rage kaya in za su bi ta inda suka san za a auna. Ashe an san gaskiya.

Alhaji, kai mai sallah ne, bari in yi maka magana ta wannan fuska. Hanya haƙƙin jama'a ce. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, ya kuma ce ba cuta ba cutarwa. In ɗauke ƙaya daga hanya sadaka ne, to mene ne hukuncin wanda ya haƙa rami a cikinta da saninsa don ƙarin buhu 150? Ramin nan mai naƙuda za ta faɗa cikinsa a hanyar asibiti, ɗan acaɓa zai kauce masa ya shiga gaban wata motar. Ba za su san sunanka ba, amma akwai Wanda ya sani. Kuma yaron motar nan da ke gudu da katako amana ne a hannunka, iyayensa sun ba ka shi ya koyi sana'a ne. Rashin mai awo a hanya bai sauke maka nauyin ba. Mutum goma sha ɗayan da ka ce suna ci daga motocin nan sun fi buƙatar motar da za ta yi shekara goma tana kawo kaɗan-kaɗan a kan wadda za ta kawo da yawa wata takwas ta kwanta a rami.

Ka zaunar da direbanka, ba da faɗa ba, ka yi masa lissafin nan da biro da takarda. Ka yanke adadin buhu, a rubuta shi a takardar kaya kowane sawu, ka kuma gaya masa ba fasinja a sama ko mutum ɗaya, in ya so ka ƙara masa wani abu a alawus don kada ya nemi cikewa ta bayan fage. Ka nemi masu kayan da suka fi damuwa da kayansu su isa lafiya a kan lokaci, irin kamfanonin shinkafa da na taki, ko da kuɗinsu bai kai na kasuwa daɗi a ido ba. Ka buɗe littafi ga kowace mota, gas da taya da gyara da kuɗin hanya, don bayan wata shida ka ga da idonka abin da sawu ke bari. Duk rarar da ta samu ka tura ta ga bashin nan har ya mutu.

Yawancin manyan injinan shinkafa da wuraren haɗa taki suna da sikelin awon mota, kuma sukan auna wa na waje da ɗan kuɗi kaɗan. Ka kai motocin biyu a auna su ba kaya, a sake auna su da lodin da kuka saba. Ka aiko mini da abin da sikeli ya nuna, da adadin aksil, da lambar da ke gefen tayoyin, sai in fitar maka da iyakar buhun da kowace za ta ɗauka.